Motsa jiki ba da ka ake yi ba: Ƙa'idoji biyar da yadda ake tsara shirin mako 12

Sau da yawa labarin iri ɗaya ne. Magidanci ya je asibiti da ciwon kai ko kasala, a gwada shi a ce jininsa ya hau, ko suga ya fara yawa. Likita ya rubuta magani, ya ƙara da cewa, "Alhaji, sai ka riƙa motsa jiki." Ran Asabar da sassafe sai ga shi a filin wasa da sabon kambas, yana bin sahun samarin da suka shekara goma suna gudu. Ran Lahadi cinyoyi sun ɗaure, ran Litinin da ƙyar ake hawa matakalar ofis ko ɗaga ƙofar shago. Kafin wata ya zagayo kambas ya koma ƙarƙashin gado, hawan jini kuwa yana nan inda aka bar shi.

Akan ɗora laifin a kan lalaci, amma galibi rashin tsari ne. Likita ya faɗi abin da za a yi, bai samu lokacin bayyana yadda za a yi shi ba. Alhali motsa jiki kamar magani yake: yana da adadi, yana da lokaci, kuma akwai yadda ake ƙara shi. Wanda ya sha kaɗan ba zai ga amfani ba, wanda ya haɗiye na wata guda a rana ɗaya kuwa ya jawo wa kansa wata cutar. Masana sun daɗe da tattara ƙa'idojin wannan fanni, kuma ba su fi ƙarfin kowa ba.

Darasin direba da kwandasta

A shekarar 1949 wani likitan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya fara bin diddigin lafiyar ma'aikatan sufurin birnin Landan, su kimanin 31,000. A wancan lokacin motocin bas na birnin masu hawa biyu ne, kowace kuma tana da ma'aikata biyu: direba da ke zaune kusan duk tsawon aikinsa, da kwandasta da ke yini yana hawa yana sauka domin karɓar kuɗin mota, har yakan taka matakala 500 zuwa 750 a rana. Mota ɗaya suke ciki, hanya ɗaya suke bi, rayuwarsu kuma ba ta da wani babban bambanci.

Sakamakon da aka buga a mujallar likitanci ta The Lancet a 1953 ya nuna cewa ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kisa. Morris ya duba ma'aikatan gidan waya, ya tarar da abu ɗaya: masu yawon raba wasiƙu a ƙafa ko a keke sun fi abokan aikinsu da ke zaune a tebur tsira daga wannan ciwo.

Duk wanda ke yini a kan kujera a Kantin Kwari ko Kasuwar Wuse, yaran shago na kai-kawo shi yana lissafi, da ma'aikacin da ke fita daga mota ya shiga ofis a sakatariya ya fito ya koma mota, a kujerar direban nan yake zaune, ko da bai taɓa riƙe sitiyari ba. Kuma ba shi kaɗai ba ne. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wato kimanin biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata.

Ribar da ke cikin gyara wannan hali ba ƙarama ba ce. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, an bi mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon suga. Waɗanda aka ɗora a kan motsa jiki na minti 150 a mako tare da gyaran abinci da rage ƙiba, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba maganin metformin kuwa, nasu ya ragu ne da kashi 31.

Nawa ne ya wadatar?

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2020 ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, ko kuma a gauraya su. Bayan haka yana buƙatar atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Wanda ya kai shekara 65 ana so ya haɗa da atisayen daidaita tsayuwa kwana uku a mako, domin kauce wa faɗuwa. Minti 150 shi ne minti 30 a rana har kwana biyar, kuma ba dole ne a yi minti 30 ɗin a haɗe ba. Goma da safe, goma da rana, goma da yamma duk suna shiga lissafi.

Yaya ake gane matsakaici da mai tsanani ba tare da na'ura ba? Da magana. Idan mutum yana tafiya, numfashinsa ya ƙaru, jikinsa ya ɗumama, yana iya hira da abokin tafiya amma ba zai iya rera waƙa ba, to yana matsakaici. Idan ba ya iya furta fiye da kalma uku ko huɗu sai ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani. Minti ɗaya na mai tsanani yana daidai da minti biyu na matsakaici. Tafiyar rangwaɗa ta zuwa majalisa, wadda ba ta taɓa numfashi, ta fi zama, amma ba ta kai matsakaici ba.

Masu agogon hannu da wayoyin da ke ƙirga taku sukan damu da cika 10,000 a rana. Yana da kyau a san cewa wannan adadi ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da wani kamfanin Japan ya sa a kasuwa a 1965. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa amfanin tafiya yana farawa tun kafin a kai wannan adadi. Mai taku 3,000 da ya ɗaga zuwa 6,000 ya ci riba babba.

Wannan shi ne inda aka dosa. Hanyar isa can kuwa tana bin ƙa'idoji biyar.

Ta farko: Ƙara kaya sannu a hankali

Jiki ba ya canzawa sai an nemi ya yi abin da ya ɗan zarce wanda ya saba. Idan aka matsa masa kaɗan, sai ya gyara kansa domin gobe: zuciya ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu, ƙananan jijiyoyin jini su yawaita a cikin tsoka, tsokar ta ƙware wajen amfani da iskar oksijin. Da zarar ya saba da wannan mataki, sai canji ya tsaya har sai an ƙara. Shi ya sa mutumin da ya shekara biyar yana zagaya fili ɗaya, da sauri ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya, zai riƙe abin da ya samu amma ba zai ci gaba ba.

Girkawan dā suna da almarar wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda aka ce kullum yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa. Maraƙi na girma, ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Wanda ya mayar da wannan hikima tsarin asibiti shi ne Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka da ke jinyar dakarun da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya lura cewa sun fi saurin miƙewa idan aka sa su ɗaga nauyin da ake ƙarawa mataki-mataki. A 1948 shi da abokin aikinsa Arthur Watkins suka fitar da tsarin zagaye uku, kowane zagaye ɗagawa goma, wanda har yau ake bi a ɗakunan motsa jiki na duniya.

Abin da ke kayar da masu farawa shi ne mantawa da kalmar "sannu". Zuciya da huhu sukan inganta cikin 'yan makonni, amma jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da su kansu gaɓoɓi da ƙasusuwa, sai sun ɗauki watanni. Mutum sai ya ji numfashinsa ya gyaru, ya ninka gudu, alhali gwiwa da agara ba su shirya ba. Daga nan ciwo ke shigowa. Zafin nema ba ya kawo samu.

Ta biyu: Abin da aka shuka shi ake girba

Jiki yana ƙwarewa ne a kan abin da aka horar da shi. Tattaki da keke da ninƙaya suna gina juriyar zuciya da huhu, amma ba za su ƙarfafa kafaɗa da damtse ba. Ɗaga ƙarfe yana gina tsoka da ƙashi, amma ba zai hana mutum haki ba idan ya bi mota da gudu. Saboda haka tambayar farko kafin a tsara komai ita ce: me ake nema? Saukar da hawan jini? Rage ciwon baya? Iya hawa bene mai hawa uku ba tare da tsayawa ba?

Ga wanda lafiya yake nema, amsar ita ce haɗa biyun. Mutanenmu sun fi sanin tattaki, suna ganin ƙarfafa tsoka aikin samari ne masu son nuna ƙwanji. Alhali daga shekara 30 tsoka takan ragu da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara goma, kuma raguwar tana ƙara sauri bayan shekara 60. Tsoka ce ke zuƙe mafi yawan sugan da ke shiga jini bayan cin abinci, ita ce kuma ke tayar da dattijo daga tabarma ba tare da an kama shi ba.

Akwai wuri ɗaya da wannan ƙa'ida ba ta aiki, shi ne kitse. Atisayen ciki yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya narkar da teɓar da ke kanta, domin jiki yana cire kitse ne daga ko'ina, ba daga wurin da ake motsawa kaɗai ba. Haka kuma tafiya mai sauri ta minti 30 tana ƙona kusan abin da ke cikin lemon kwalba ɗaya ne kacal. Wanda ke son rage ƙiba dole ya duba kwanonsa. Sai dai ko sikeli bai motsa ba, jini da suga da barci suna gyaruwa.

Ta uku: Hutu ma aiki ne

A lokacin atisaye jiki gajiya yake yi. Ginin yana faruwa ne bayan an gama, a lokacin hutu da barci da cin abinci. Shi ya sa ake barin kimanin awa 48 kafin a sake matsa wa tsoka ɗaya da nauyi, kuma ba a jera ranaku masu tsanani a kan juna. Baligi yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Wanda ke kwana a kan waya har ƙarfe ɗaya ya tashi da asuba ya fita gudu, yana zuba ruwa ne a kwando.

Tsamin jiki da ke zuwa kwana ɗaya zuwa uku bayan sabon atisaye abu ne da aka saba, kuma yakan wuce da kansa, musamman idan aka ci gaba da tafiya mai sauƙi. Ya bambanta da ciwo mai suka a gaɓa, ko kumburi, ko raɗaɗin da ke sa ɗingishi. Waɗannan alamun a dakata ne. Haka nan tsamin jiki ba shi ne ma'aunin nasara ba. Atisayen da ya hana mutum fita kasuwa washegari ya wuce kima.

Ta huɗu: Abin da aka bari yakan zube

A 1966 masu bincike a birnin Dallas na Amurka suka kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, a kan gado har mako uku. Da suka tashi, ƙarfin jikinsu na amfani da iskar oksijin, wanda shi ne ma'aunin juriya, ya faɗi da kashi 27 cikin 100. Bayan shekara 30, a 1996, aka sake gwada mutanen nan biyar suna da shekara 50. Sai aka tarar cewa kwanciyar mako uku ta fi yi wa juriyarsu illa fiye da tsufan shekara 30. Da aka ɗora su a kan horon wata shida, juriyarsu ta koma matakin da take suna 'yan shekara 20.

Mutum biyar ba su da yawa, amma darasin ya tabbata a bincike da dama bayan haka. Ba a ajiye ƙarfin jiki a banki. Tsohon ɗan ƙwallon makaranta da ya shekara 20 a kujera, jikinsa na mai zama a kujera ne. A ɗaya ɓangaren kuma, shekara 50 ba ta makara ba. Kuma riƙe abin da aka samu ya fi samo shi sauƙi: a makon da aiki ya yi yawa ko tafiya ta kama, fita sau biyu kawai na iya tsare mafi yawan ribar. Wanda ya yi hutun makonni saboda rashin lafiya ko wata hidima kuwa, kada ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya koma baya da mataki ɗaya ko biyu.

Ta biyar: Kowa da jikinsa

A wani bincike da aka gudanar a Amurka da Kanada a shekarun 1990 ƙarƙashin jagorancin Claude Bouchard, an ɗora ɗaruruwan mutane daga iyalai daban-daban a kan horo iri ɗaya na mako 20. Wasu juriyarsu ta ƙaru ƙwarai, wasu ta ƙaru kaɗan, kuma an ga cewa 'yan gida ɗaya sukan yi kama da juna wajen wannan. Ke nan gado yana da hannu. Idan aka haɗa da shekaru, nauyin jiki, tsohon rauni da irin aikin mutum, za a ga dalilin da ya sa kwafar tsarin wani daga Facebook ko TikTok ke da haɗari. Abokin gasar mutum shi ne kansa na watan jiya.

Maɓallai huɗu na kowane shiri

Duk wani shirin motsa jiki, na ɗan wasan Olamfik ne ko na mai shago, yana da maɓallai huɗu: sau nawa a mako, tsawon wane lokaci, da wane tsanani, sannan wane iri. Dabarar ita ce a murɗa maɓalli ɗaya a lokaci guda. Ga mai farawa, a fara ƙara tsawon lokaci, sannan yawan ranaku, tsanani ya zo a ƙarshe.

Ga misalin yadda za a yi amfani da su ga mutum mai shekara 35 zuwa 55 da ya daɗe bai motsa ba, kuma ba shi da ciwon da ya hana shi.

Mako na 1 zuwa na 4, a ƙara lokaci. Tafiya mai sauri ran Litinin, Laraba da Asabar. Minti 15 a makon farko, a riƙa ƙara minti biyar kowane mako har a kai 30. Idan wani mako ya yi nauyi, a maimaita shi kafin a wuce. Ran Talata da Juma'a kuma atisayen tsoka, zagaye ɗaya, kowane motsi sau 8 zuwa 10.

Mako na 5 zuwa na 8, a ƙara ranaku. Minti 30 na nan yadda yake. A mako na 5 a ƙara Alhamis, jimilla minti 120. A mako na 7 a ƙara tafiya ran Talata, jimilla minti 150, wato an cika ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Atisayen tsoka ya koma zagaye biyu, sau 8 zuwa 12. Lahadi, ko duk ranar da ta fi dacewa da mutum, ta zama ta hutu.

Mako na 9 zuwa na 12, a ƙara tsanani. A biyu daga cikin ranakun tafiya, a riƙa yin minti ɗaya na sassarfa ko tafiya mai tsananin sauri, sai minti biyu na tafiya a hankali, a maimaita sau shida, daga baya sau takwas. Mai ciwon gwiwa ko nauyin jiki sosai ya zaɓi keke ko hanya mai ɗan tudu a maimakon sassarfa. Atisayen tsoka ya kai zagaye uku. Mako na 12 a sassauta, a yi gwaji.

Atisayen tsokar ba ya buƙatar rajista a ko'ina. Motsi huɗu sun isa. Na ɗaya, zama a kujera da tashi ba tare da dafa komai ba. Na biyu, dafa bango da tafin hannu biyu, a kai ƙirji kusa da shi a tura baya. In an ƙware a koma gefen tebur mai ƙarfi, daga nan a sauka ƙasa. Na uku, dafa kujera da hannu ɗaya, a sunkuya baya a miƙe, a ja galan ɗin ruwa da ɗaya hannun zuwa ƙugu. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka ƙara nauyi ba shi da wuya. Na huɗu, kwanciya rigingine, a lanƙwasa gwiwa, a ɗaga ƙugu sama a sauke. Idan mutum ya iya yin sau 12 a duk zagayen cikin sauƙi har karo biyu a jere, lokacin ƙari ya yi.

Kowace fita a fara ta da minti biyar na tafiya a hankali domin ɗumama jiki, a rufe ta da wasu minti biyar, kada a tsaya cak. Miƙe gaɓoɓi ya fi dacewa bayan jiki ya ɗumama.

Ɗan kasuwa ba ya sanin riba sai da littafi. Kafin a fara, a rubuta abu huɗu: minti nawa ake ɗauka a wata sananniyar tazara, sau nawa ake iya tashi daga kujera cikin sakan 30, bugun zuciya a minti ɗaya da safe kafin a sauko daga gado, da faɗin ƙugu a saitin cibiya. Ana so faɗin ƙugu ya gaza rabin tsawon mutum. A sake aunawa bayan kowane mako huɗu.

Zafi, ƙura da azumi

Tsarin da bai yi la'akari da yanayinmu ba ba zai ɗore ba. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, lokacin fita shi ne sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, tare da rage tsanani da shan ruwa kafin fita da bayan dawowa. Sanya rigar leda ko kaya masu kauri domin a yi gumi ganganci ne: gumi ruwa ne da gishiri, ba kitse ba, kuma nauyin da ya tafi zai dawo da kofin ruwa na farko. A ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri, mai asma ko ciwon ƙirji ya yi nasa a cikin gida. A guji gefen manyan tituna masu hayaƙi, kuma mai fita da duhu ya sa tufafi masu haske ya fuskanci motocin da ke tahowa.

A watan azumi manufa ita ce riƙe abin da aka samu, ba ƙari ba. Tafiya mai sauƙi dab da shan ruwa, ko atisaye awa ɗaya zuwa biyu bayan buɗa-baki, ya wadatar.

Ƙa'idojin nan ɗaya ne ga maza da mata. Matar da ba ta da damar fita za ta iya cika mintocinta a tsakar gida, da zagaye, da hawa da sauka a kan dakali ko matakala, da waɗancan motsi huɗu. Aikin gida mai sa numfashi ya ƙaru yana shiga lissafi. Mai juna biyu da ba ta da wata matsala ma an shawarce ta da minti 150 a mako, bayan ta tuntuɓi ma'aikatan awo.

Wa ya kamata ya fara ganin likita?

Mai ciwon zuciya, ciwon ƙoda, ciwon suga, ko hawan jinin da bai daidaita ba, da wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, su nemi shawarar likita kafin su fara, musamman kafin sashe na uku na shirin. Mai amfani da insulin ko wasu magungunan suga ya riƙa tafiya da dabino ko alewa, domin suga na iya faɗuwa a hanya. Mai hawan jini ya guji riƙe numfashi yayin ɗaga nauyi, domin hakan na cilla jini sama. A fitar da numfashi a lokacin yunƙuri.

Motsa jiki na yau da kullum kan sauke lambar sama ta awon jini da kimanin maki 5 zuwa 8 ga masu hawan jini. Wannan ci gaba ne na gaske, amma ba izinin ajiye magani ba ne. Likita ne kaɗai zai rage shi, bayan ya ga awo.

Duk wanda ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman mai tafiya zuwa hannu, wuya ko muƙamuƙi, ko jiri, ko ɗaukewar numfashin da ya wuce ƙima, ko bugun zuciya mara tsari, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Ba wurin nuna jarumta ba ne.

Kamar zubin adashi

Shirin da ya fi kowane kyau shi ne wanda mutum zai iya ci gaba da yi bayan shekara guda. Don haka a ɗaura shi a jikin abin da aka riga aka saba: a sauka daga adaidaita-sahu saura tafiyar minti goma a isa kasuwa, a bi matakala a bar lifta, a tashi daga kujera a ɗan zagaya bayan kowane rabin awa ko awa ɗaya. A samu abokin fita, domin kunyar wanda ke jira a ƙofar gida ta fi ƙararrawar waya tayar da mutum.

Mai adashi ya san cewa ba babban zubi na rana ɗaya ke tara kuɗi ba, ƙaramin da ba ya yankewa ne. Wanda ya rasa zubin yau ba ya fita daga adashi, gobe yake kawowa. Ga wanda likita ya ce ya riƙa motsa jiki, zubin farko minti 15 ne na tafiya ran Litinin mai zuwa, a rubuta shi a littafi, a dawo ran Laraba.